Fashin Baƙi: Me Ya Sa Wani Coci Ke Cike Da Hotuna, Wani Kuma Bango Zalla?

A cikin wata guda na halarci ɗaurin aure biyu a Kaduna, duka na maƙwabtanmu Kirista. Na farko a cocin Katolika aka yi shi. Tun daga haraba na ci karo da wani ɗan kogo da aka gina da duwatsu, a cikinsa ga mutum-mutumin Maryamu sanye da farar riga da shuɗiyar ɗamara, an jera mata furannin roba, kakin kyandir ya daskare a gindinta. Ciki kuwa ido ba ya samun hutu. Sama da bagade ga gicciye ɗauke da siffar Yesu, haƙarƙari a waje, kai ya langaɓe gefe guda. A bangon hagu da na dama an jera ƙananan alluna goma sha huɗu masu ba da labarin tafiyarsa daga wurin yanke hukunci har zuwa kabari. Wata dattijuwa ta shigo gabana, ta tsoma yatsu a ruwan da ke bakin ƙofa, ta taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu, ta ɗan rusuna, sannan ta nemi wuri.

Bayan mako uku sai ga ni a wani cocin ECWA. Bango fari fes. Mumbari a gaba, gicciyen katako wanda ba kowa a kansa, aya guda da aka rubuta da fenti, agogon bango, da ɗan allon da ake liƙa lambobin waƙa. Iyakarsa ke nan. Duk adon wurin ya koma kunne, domin da 'yan Zumuntar Mata suka miƙe cikin ankonsu suka fara buga tulu da caki, har benci sai da ya amsa.

Da aka fito na tsokani wani tsohon fasto da muka saba, na ce, “Baba, ku kuɗin sayen hotuna ne ba ku da shi?” Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ai Yesu ya sauka daga kan gicciye, ya kuma tashi. Me zai sa mu bar shi a rataye?” Da na kai wa waccan dattijuwar maganar cewa ana zarginsu da bautar gumaka, ko ɗago kai ba ta yi daga tsince shinkafarta ba. Ta ce, “Ɗan nan, hoton marigayi mahaifinka da ke rataye a falonku, bauta masa kake yi?”

Amsoshin nan biyu sun girmi masu ba da su nesa ba kusa ba. Kirista sun shafe sama da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar suna wannan muhawara a tsakaninsu, an tuɓe manyan limamai a kanta, an ƙone hannayen masu zane, an kai wasu gudun hijira. Mai kallo daga waje zai ɗauka rigimar ado ce. Idan aka bi ta a hankali sai a tarar jijiyarta tana can wani wuri: wane ne Yesu, kuma me zuwansa duniya cikin jiki ya canja?

Tushen matsalar yana cikin Attaura. A Littafin Fitowa sura ta 20, cikin Dokoki Goma, an hana sassaƙa siffar wani abu da ke sama ko ƙasa ko cikin ruwa, an hana rusuna masa ko bauta masa. Magana a fili. Amma a sura ta 25 ta wannan littafin dai an umarci Musa ya sa a ƙera kerubobi biyu na zinariya, wato siffofin mala'iku masu fukafukai, a ɗora su kan murfin Akwatin Alkawari. A Littafin Ƙidaya sura ta 21 kuma an ce ya ƙera macijin tagulla ya ɗaga shi kan sanda, wanda maciji ya sara ya dube shi ya warke. Labarin macijin nan bai ƙare a nan ba. Ƙarnuka bayan haka Sarki Hezekiya ya farfasa shi, saboda mutane sun koma ƙona masa turare. Kowane ɓangare yana da abin kamawa a nan. Mai son hoto zai ce ga shi Allah da kansa ya yi umarni a ƙera siffa. Mai ƙin hoto zai ce to ai ga inda abin ya kai.

Hatta yadda ake ƙirga dokokin goma ya sha bamban. Katolika da 'yan Lutheran suna haɗa hanin sassaƙa siffa da dokar farko, wato kada ka yi wani allah ban da Ni, sai su raba dokar ƙyashi gida biyu don adadi ya cika. Sauran Furotestan da 'yan Otodoks suna ware shi a matsayin doka ta biyu mai zaman kanta. Daga nan ne zancen da ake yawan ji ya samo asali, wai Katolika sun goge doka guda. Ayar tana nan daram a cikin Littafi Mai Tsarkin da suke karantawa, lissafin ne ya bambanta, kuma sun gaje shi ne daga Agustin, malamin nan na Arewacin Afirka da ya rasu a shekarar 430.

Kiristocin farko ba su bar mana fuskar Yesu ba. Babu inda Linjila ta faɗi tsawonsa ko launin fatarsa ko yanayin gashinsa. Abin da suka fi amfani da shi alamu ne: kurciya, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa, sai kifi. Kifin nan wasa da haruffa ne, don haruffa biyar na kalmar kifi a Girkanci su ne farkon kalmomin da ke nufin Yesu Almasihu, Ɗan Allah, Mai Ceto. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren ibadar Kirista da aka tono yana Dura-Yurofos, a gaɓar kogin Furatu a Siriya. Gida ne na zama da aka mayar majami'a kafin garin ya faɗi wajen shekarar 256. A ɗakin baftisma an zana gurgun da aka warkar yana saɓe da gadonsa, da Yesu da Bitrus suna tafiya kan ruwa. Wani abin mamaki, a wannan garin an tono majami'ar Yahudawa ta wannan zamanin wadda bangonta ke cike da zanen Musa da sauran annabawa. Ashe su ma masu Attaurar ba kullum suka fahimci dokar a matsayin haramcin kowane irin zane ba.

Siffar Yesu a kan gicciye kuwa ta makara ƙwarai. Sai wajen shekarun 420 zuwa 430 ake samun ta a fili, misali a ƙofar katako ta cocin Santa Sabina a birnin Rum. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Muddin Rumawa na gicciye bayi da 'yan tawaye a bakin hanya, gicciye abin kunya ne da tsoro, tamkar a ce yau mutum ya rataya igiyar hauni a wuya don ado.

Bayan Sarkin Rum Kustantin ya sakar wa addinin mara a shekarar 313, manyan coci-coci suka tashi, hotuna suka biyo baya, ƙorafi ma ya biyo. Tun wajen shekarar 305 wani taron bishop-bishop a Elbira, ƙasar Sifen, ya ce kada a zana abin da ake bauta wa a jikin bango. A ƙarshen ƙarni na huɗu wani bishop na tsibirin Kubrus mai suna Efifaniyus yana tafiya a Falasɗinu, ya shiga wani ɗan cocin ƙauye don yin addu'a, sai ya ga labule a ƙofa da hoton mutum a jiki. Nan take ya yage shi, ya ce wa masu kula da wurin su yi wa wani matalauci likkafani da shi. Suka yi gunaguni cewa in ya yage, to ya biya. Shi da kansa ya ba da labarin a wasiƙa, ya kuma aika musu wani labulen. Shekara ɗari biyu bayan haka, bishop na Marsai a Faransa ya farfasa hotunan cocinsa, sai Fafaroma Giregori Babba ya rubuta masa, a 599 da 600, yana yaba masa da ya hana bautarsu, yana kuma tsawata masa da ya fasa su. Hujjarsa ita ce abin da rubutu yake ga mai karatu, shi hoto yake ga wanda bai iya karatu ba. Wannan hujja ta riƙe Yammacin Turai kusan shekara dubu.

A Gabas, a daular Rumawa mai hedikwata a Kustantiniyya, wadda ake kira Istanbul yau, hoto ya wuce matsayin allon koyarwa. Ikon, wato hoton Yesu ko Maryamu ko wani tsarkaka da aka zana a kan katako, ana sumbatarsa, ana kunna masa fitila, ana zagaya ganuwar birni da shi idan abokan gaba sun kawo hari. Wata wasiƙa da Sarki Mika'ilu na Biyu ya aika wa sarkin Farankawa a 824 ta yi kukan cewa wasu na kankare fentin ikon suna zubawa cikin ƙoƙon Jibin Ubangiji, wato ruwan inabin da ake sha a coci don tunawa da Yesu, wasu kuma na naɗa ikon ya zama uban baftismar 'ya'yansu. Ko da an ce mai wasiƙar abokin gabar hotuna ne, yana iya ƙara gishiri, duk wanda ya san yadda talaka ke riƙe abin da yake ganin akwai tabarraki a jikinsa ba zai yi mamaki ba.

Sai a dubi halin da daular ke ciki. A ƙarni na bakwai Musulmi sun karɓe Sham da Masar da Arewacin Afirka. Wajen shekarar 692 Sarki Jastiniyan na Biyu ya buga kuɗin zinariya da fuskar Yesu a jiki. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka, a shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari wanda babu siffar kowa a jikinsa, rubutu zalla. Daulolin biyu suna magana da juna ta aljihun 'yan kasuwa. A 717 zuwa 718 rundunar Banu Umayya ta yi wa Kustantiniyya ƙawanya, da ƙyar birnin ya sha. A 726 dutse mai aman wuta ya fashe a tsibirin Tera, toka ta rufe teku. Sarkin Rum na lokacin, Liyo na Uku, soja ne da ya san Tsohon Alkawari, ya kuma san abin da ke samun Isra'ilawa duk lokacin da suka koma ga gumaka. A 730 aka sauke babban limamin birnin, Jamanus, saboda ya ƙi goyon bayan matakin da sarki ya ɗauka na hana hotuna.

Ana yawan cewa koyi da Musulmi Liyo ya yi, kuma abokan gabarsa ma sun yi masa laƙabi da mai tunanin Larabawa. A ganina wannan bayani ya yi sauƙi da yawa. Nasarar Musulmi ta sa Rumawa tambayar kansu laifin me suka yi, wannan gaskiya ne. Amma hujjojin da aka kafa na cikin gida ne, ba a aro su daga kowa ba. Ɗan Liyo, Kustantin na Biyar, ya tara bishop 338 a Hiyeriya a 754, suka ɗana wa masu hotuna tarko mai baki biyu. Ikilisiya ta riga ta yanke a taron Kalsidon na 451 cewa Almasihu mutum guda ne mai ɗabi'a biyu, ta Allahntaka da ta mutuntaka, ba a cakuɗa su, ba a raba su. To mai zane, wanne ka zana? In ka ce Allahntakar ka zana, ka yi wa abin da ba shi da iyaka iyaka da layi da fenti. In ka ce jikin kawai ka zana, ka raba abin da aka ce ba ya rabuwa. Ko ta ina ka faɗi. Suka ce siffa guda ce Yesu ya bar wa mabiyansa, gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, sai kuma alamar gicciye da ba kowa a kanta. Har yau a cocin Hagiya Irini da ke Istanbul akwai wani babban gicciye baƙi a kan zinariya a saman bagade, ragowar wancan zamani. Da Baba Fasto zai gan shi, da ya ce nasu ne.

Wanda ya fi kowa mayar da martani ba ya ma cikin daular. Yuhana mutumin Dimashƙa, ɗan gidan Mansur, Kirista ne da mahaifinsa Sarjun ya yi wa halifofin Banu Umayya aikin kula da baitulmali. Yana zaune a ƙasar Musulmi, inda hannun sarkin Rum bai kai ba, ya rubuta maƙaloli uku na kare hotuna. Ya amince cewa a zamanin Musa ba a zana Allah, kuma daidai ne, domin ba wanda ya gan Shi. Amma imanin Kirista shi ne Kalma ya zama jiki, ya zauna cikin mutane, an gan shi, an taɓa shi, ya ji yunwa, ya yi barci a jirgin ruwa. Abin da ido ya gani, hannu na iya zanawa. Wanda ya ce ba a iya zana Yesu, to a fakaice yana cewa bai zama mutum na gaske ba. Wato Yuhana ya juya tarkon ya kama masu ɗana shi. Ya ƙara da cewa shi ba katako da fenti yake bauta wa ba, Mahaliccinsu yake bauta wa, wanda ya yarda ya shiga cikin abin da Ya halitta.

Sai ya kawo rarrabewar da har yau ita ce ginshiƙin Katolika da Otodoks: bauta daban, girmamawa daban. Bauta ta Allah ce Shi kaɗai. Girmamawa kuwa ana yi wa sarki, da iyaye, da littafi mai tsarki, kuma girman da aka bai wa hoto yana wucewa ne zuwa ga mai hoton. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan magana. Mun san faɗuwa gaisuwa a fada, mun san durƙusa wa suruki, kuma mun san yadda malamanmu ke sa-in-sa kan inda ladabi ya tsaya da inda sujada ta fara. Matsalar ita ce gwiwa iri ɗaya take lanƙwasawa a duka biyun. Bambancin yana cikin zuciya, zuciya kuwa ba a leƙa ta. Nan ne nake ganin masu fasa hotuna ba wawaye ba ne. Malami a zaurensa ya san bambancin kalmomin biyu sarai. Tsohuwar da ɗanta ke kwance rai a hannun Allah, tana kuka gaban ikon, ba lallai ta tsaya tantance su ba. Su kuma masu hotuna suna da gaskiyarsu, domin ba a taɓa raba ɗan Adam da son abin da zai kalla ya tuna wanda yake ƙauna ba.

Mata biyu ne suka rufe rigimar. Sarauniya Irini, mai riƙon gado ga ɗanta ƙarami, ta kira taro a 786, sojoji masu biyayya ga tsohon tsari suka kutsa suka watsa shi. Ta yi dabara ta kawar da rundunar daga birnin, ta sake kiran taron a Nikiya a 787, aka halatta girmama hotuna, aka haramta bauta musu. A 815, bayan Bulgariyawa sun yi ta lallasa Rumawa a fagen fama, Liyo na Biyar ya dawo da haramcin, don sojoji na tuna cewa sarakuna masu fasa hotuna su ne masu cin yaƙi. A zagaye na biyun nan ne aka tsaga wa wasu sufaye biyu 'yan'uwan juna baitocin zagi a fuska, aka kuma ƙona tafin hannun wani mai zane da ake kira Li'azaru. A 843 Sarauniya Tiyodora ta maido da hotuna, kuma har yau 'yan Otodoks na bikin wannan rana a Lahadin farko ta babban azuminsu.

Ikon-ikon da aka zana kafin rikicin kaɗan ne suka tsira, kuma mafi yawansu suna gidan sufaye na Santa Katarina a gindin Dutsen Sina'i, wanda ke ƙarƙashin mulkin Musulmi tun ƙarni na bakwai. A can ne akwai wani hoton Yesu na ƙarni na shida da aka zana da narkakken kakin zuma. In ka rufe rabin fuskar da tafin hannu za ka ga mutum mai sanyin ido. In ka rufe ɗaya rabin, gira ta ɗaga, ido ya yi kaifi kamar na alƙali. Da yawa na fassara shi da ɗabi'u biyun nan da aka yi ta faɗa a kansu.

Nasarar 843 ta zo da sharuɗɗa. Mai zanen ikon ba ya bin son ransa. Akwai tsayayyen tsari da ake gado, ana rubuta sunan wanda aka zana a jiki, bayan hoton zinariya ce maimakon sararin duniya, kuma 'yan Otodoks sun guji mutum-mutumi mai tudu da ake zagayawa, don ya yi kama da gumakan Girkawa. Yamma ba ta ɗaure kanta haka ba. Tsakanin 1508 da 1512 mai zane Mikelanjelo ya zana Allah Uba a rufin cocin Sistin da ke fadar Fafaroma a matsayin dattijo mai furfura da ƙwanji, abin da hujjar Yuhana ba ta taɓa halattawa ba, tunda ita a kan wanda aka gani da ido kawai ta tsaya.

Shekara goma bayan gama wannan rufi wutar ta sake tashi, wannan karon a Jamus. A farkon 1522, Martin Luta, jagoran Furotestan da suka ɓalle daga Katolika, na ɓoye, abokin aikinsa Kalshtat ya zuga mutanen Witinbag suka fara fitar da hotuna daga coci. Luta ya dawo a watan Maris ya taka musu burki. Ra'ayinsa shi ne a cire gunki daga zuciya tukuna, in an yi haka na bango ba zai cuci kowa ba. A Zurik ta Suwizalan, wani jagoran Furotestan, Zwingili, bai tsaya nan ba: a 1524 aka kwashe hotuna aka shafe bango da farar ƙasa, har kiɗa ya hana a coci, alhali shi kansa gwanin kayan kiɗa ne. Takwaransa Kalbin a Janeba ya ce zuciyar mutum maƙerar gumaka ce da ba ta hutu. A 1566 gungun jama'a suka bi coci-cocin ƙasashen Holan da Beljiyam na yau da guduma da gatari. Katolika kuwa, a zaman ƙarshe na taron Tirento a 1563, sun sake tabbatar da matsayin Nikiya, suka ce a kawar da camfi da zanen batsa, daga nan suka ƙara ƙaimi wajen ƙawata coci. A ɓangaren Furotestan fasaha ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa waƙa da wa'azi da bugun littafi.

Afirka ta daɗe a cikin wannan zance, tun kafin Bature ya san hanyar Kwara. Habasha ta karɓi Kiristanci a ƙarni na huɗu zamanin Sarki Ezana. Musulmi ma suna da labarin hotunan can, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ummu Salama da Ummu Habiba, waɗanda suka yi hijira zuwa Habasha, sun ba Annabi (SAW) labarin wani coci mai hotuna da suka gani a can. Zanen Habashawa yana da nasa harshe: manyan idanu, launuka masu ƙarfi, mutumin kirki ana nuna idanunsa biyu, mugu kuwa a gefe ake zana shi, ido ɗaya. Su ma sun yi tasu rigimar. A ƙarni na goma sha biyar Sarki Zara Yakob ya wajabta rusuna wa hoton Maryamu, wasu sufaye mabiyan Istifanos suka ƙi, ya gallaza musu azaba.

A Sudan kuma, lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Aswan a maƙwabciyarta Masar, masu tono daga Folan ƙarƙashin Kazimiyas Mihalowski sun haƙa wani tudun yashi a Faras tsakanin 1961 da 1964, sai ga babban cocin Nubiyawa da zane sama da ɗari a bangonsa, wani kan wani. Suka ɓamɓare abin da za su iya kafin ruwa ya ci wurin, aka raba tsakanin gidajen tarihi na Khartum da Warso. A ciki akwai hoton Bishop Fetros na ƙarshen ƙarni na goma, baƙin mutum sosai, Manzo Bitrus na tsaye bayansa da farar fuska, ya dafa kafaɗunsa. Mai zanen ya zana mutanen garinsa yadda yake ganinsu a kasuwa.

Abin da na gani a Kaduna gadon waɗannan rigingimu ne da ya iso cikin akwatunan 'yan mishan. Waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta SIM, uwar ECWA, sun sauka Legas a 1893. Karl Kumm da mutanensa na SUM, inda COCIN ta samo asali, sun isa Wase a 1904. 'Yan mishan na Cocin 'Yan'uwa, iyayen EYN, sun fara a Garkiɗa a 1923. Duk waɗannan daga zuriyar masu farin bango suka fito, kuma sun yi aiki cikin al'ummomin da ke da wuraren tsafi na gargajiya, ga kuma maƙwabta Musulmi, don haka ba su ga dalilin shigo da abin da za a yi wa mummunar fahimta ba. Ƙarfinsu ya tafi ga fassara, har aka samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da kuma waƙoƙi. Limaman Katolika da suka sauka Shendam a 1907 sun zo da gicciye mai siffa da carbi da mutum-mutumin Maryamu. Anglikan sun tsaya tsaka-tsaki, kuma a Wusasa kusa da Zariya sun yi wani abu da nake ganin ya fi hotuna da yawa magana: a ƙarshen shekarun 1920 suka sa magina Hausawa suka gina cocin Batalomi da tubali da azara da bakan gizo, irin ginin soron sarakuna.

Sai dai akwai tambayar da taron Nikiya bai yi ba, ita ce ta fi damun mutanenmu yau: in za a zana shi, da wace fuska? Fuskar da ta cika kalandu da bayan motocin haya, mai dogon gashi mai santsi da farar fata, ba daga Falasɗinu ta zo ba. Ta bi ta hannun masu zanen Turai, sannan wani Ba'amurke mai suna Warner Sallman ya yi wani zane a 1940 da aka buga miliyoyi, aka raba wa sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya bazu duniya. An yi yunƙurin canja wannan. A Oye-Ekiti, daga 1947, Fada Kevin Carroll ya tara masassaƙan Yarabawa suka riƙa sassaƙa labaran Linjila da salon gida, masu hikimar gabas da suka ziyarci jariri Yesu sanye da rawanin sarakunan Yarabawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a wurin, Lamidi Fakeye, Musulmi ne. Ba Turawa kaɗai suka yi adawa da aikin ba, Kiristocin wurin da dama sun ƙi shi, don a idonsu ya yi kama da gumakan da suka baro, kuma a 1954 aka rufe wurin. A shekarun 1970 kuma, a duwatsun Mandara na arewacin Kamaru, mutanen Mafa suka riƙa kwaikwayon labaran Linjila ana ɗaukarsu hoto, aka mayar da su zane sama da sittin, Yesu baƙi cikin jar riga, tsakanin bukkoki da rumbunan dawa.

Da na koma gaida Baba Fasto bayan Kirsimeti, a falonsa aka sauke ni. Mama ta kawo kunun gyaɗa. Saman talabijin akwai kalandar wani kantin sayar da littattafai, shekararta ta wuce da daɗewa amma ba a sauke ta ba. A jiki ga makiyayi mai gashi har kafaɗa, idanu shuɗaye, rungume da ɗan rago. Na nuna da haɓa na ce, “Baba, wannan fa?” Ya juya ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

“Wannan ai kalanda ce, ɗana,” in ji shi. “Sha kununka kada ya huce.”